Rigar Awo da Atamfar Hajja

Ban tabbata ko duk abin da zan rubuta haka ya faru daidai ba, domin shekaru sun ja, kuma na lura ƙwaƙwalwata takan yi wa abubuwa kwaskwarima ba tare da ta shawarce ni ba. Abin da ba na shakka a kansa shi ne, kakata ta bar mini turmin atamfa guda ɗaya, na ajiye shi shekara uku a ƙasan akwati ban kai wa tela ba. Atamfa sau ɗaya ake yanka ta, ni kuwa ban san wace irin riga ce tawa ba. Na san wani zai ji abin da ban dariya. Mace ta yi digiri, ta je bautar ƙasa ta dawo, a ce ba ta san rigar da ta dace da ita ba. Ni ma na yi wa kaina wannan dariyar sau da yawa, amma ba ta warware mini komai ba.

Sunan kakata ta wajen uba Falmata, amma Hajja kowa yake ce mata. Sunanta aka sa mini, shi ya sa a gida ake kirana Ummi, ita kuma take ce mini takwara. Iyayenta daga gabas suka taso, can ƙasar Barebari, suka zauna a wani ƙauye a gindin duwatsun Roni. A nan ta yi aure, a nan ta tsufa. Hausa take yi tsantsa, sai fa in ranta ya ɓaci ko tana ƙirga kajinta, sannan Barbarci yake kufce mata. Mu a Kazaure muke, inda mahaifinmu yake aiki. Duk dogon hutu na damina sai a sa mu a mota, ni da Yaya Hadiza wadda ta girme ni da shekara huɗu, a kai mu wajenta mu yi makonni.

Hajja ba ta yarda a yi asarar garwashi. Da an sauke tuwo an yi sallar isha'i, sai ta kwashe na murhu a wani tsohon kasko mai tsaga, ta ajiye a ƙofar ɗakinta. Ta ɗora guntayen itace biyu ko uku, ta watsa ɗanyen ganyen darbejiya a kai don hayaƙi ya kori sauro. Mu kuma mu jera masara a gefen kaskon, muna juyawa muna hura yatsu. Kwaɗi suna ta kuka daga fadama. Hayaƙin nan yana sa mu hawaye, amma ba wadda take matsawa. Ita tana kan tabarma, ƙafafu a miƙe, cikin laffayarta, wato dogon yadin nan da matan Barebari suke naɗe jiki da shi har kai. Ban taɓa ganin ta da wani abu daban ba. Laffaya mai duhu, shuɗiya ko ruwan ƙasa, da ƙamshin turaren wuta da ya riga ya zauna a cikin zaren. In ta taho daga gona, tun tana ɗan ɗigo a nesa ake cewa ga Hajja can.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke yi. Sai ta gyara murya ta ce, "Ga baƙuwa nan a bakin ƙofa, ku matsa mata."

Mu ce, "Ta shigo, akwai wuri."

Tatsuniyoyinta suna da yawa, na manta mafi yawansu. Wadda ta maƙale mini ita ce ta Delu.

Wata mata ce, in ji Hajja, tana da 'ya ɗaya tilo mai suna Delu. Uwar ta shekara tana kaɗi, ta tara zare, ta kai wa masaƙi, daga nan ta kai marina. Aka yi wa Delu zane baƙi mai farin layi ɗaya a bakinsa. Delu ta duba, ta yatsina fuska, ta naɗe shi ta tura ƙarƙashin gado. Daga ranar, duk kasuwar da za ta ci sai ta shiga maƙwabta aro. Ran farko ta ari farar rigar wata Bafulatana mai tallar nono, aka ce kai, kamar a ruga aka haife ki. Rana ta biyu ta ari laffayar wata Babarbariya. A nan Hajja takan dakata ta shafa tata ta ce, "Irin wannan, amma tawa ta fi ta kyau." Rana ta uku ta ari baƙin turkuɗi mai sheƙi na wata Buzuwa, wanda yake rina wa mutum fata. Kullum ana yaba Delu, kullum kuma da sunan wata ake yabon.

Rannan za ta wata kasuwa mai nisa, ta rasa wanda za ta zaɓa, sai ta haɗa duka ukun ta sa. Ruwa ya sauko, rafi ya kawo, ta rasa mashiga. Ta yi ta bin gaɓa tana neman inda za ta tsallaka, har ta ɓulla ƙasar da ba wanda ya san ta.

Uwar ta tafi wajen mai shela ya yi mata cigiya. Hajja takan toshe hanci in za ta yi muryarsa.

"Me yarinyar ta sa?"

"Ban sani ba."

"Ke uwarta ce kuwa, ko wucewa kike?"

Aka kira maƙwabta. Bafulatana ta ce farar riga. Babarbariya ta ce laffaya. Buzuwa ta ce turkuɗi. Mai shela ya rataya gangarsa ya shiga kasuwa yana cewa ana cigiyar wata yarinya mai farar riga, ko laffaya, ko turkuɗi, ko dai wani abu. Kafin la'asar an kawo wa uwar 'yan mata uku, ba Delu a ciki. Ita kuwa Delu, mutanen can suka dubi kayan jikinta don su gane inda ta fito. Suka kai ta ruga, Fulani suka ce rigar tasu ce amma yarinyar ba tasu ba ce, suka karɓi rigarsu. Haka Barebari, haka Buzaye. Ta ƙare da wani tsumma da wata tsohuwa ta ba ta don ta rufe jiki.

To, daga nan ne matsalar take, domin tatsuniyar ƙarshe biyu gare ta. In itacen kaskon ya cinye, Hajja takan yi hamma ta ce, "Tana can har yau, ba wanda ya san ta wace ce. Baƙuwa ta tafi, ku rufe ƙofa." In kuwa da sauran wuta, sai ta ci gaba. Uwar ta jawo baƙin zanen nan daga ƙarƙashin gado, ta shiga duniya kasuwa kasuwa, tana gwada shi a ƙugun duk yarinyar da ta gani. Shekaru suka wuce, ba ta ma yi tunanin cewa Delu ta girma ba, ko da ta same ta zanen ba zai zagaye ta ba. Sai wata rana a bakin wata rijiya ta hangi bayan wata mata tana jan guga. Tsumman da ke ƙugunta ta yi masa ƙulli biyu, ta kuma soke bakinsa a ciki. Tun Delu tana ƙarama haka take ɗaura zane, don tsoron kada ya kwance mata a cikin mutane. Uwar ta tsaya ta ce, "Delu." Matar ta saki guga a rijiya.

Ni wannan abin ya dame ni ƙwarai. Yaya Hadiza ba ruwanta, ta cinye masararta ta yi barci. Ni kuwa sai na yi ta juyi ina tunanin yarinyar nan a bakin rijiya. Wata rana na daure na tambaya.

"Hajja, wanne ne na gaskiya? An gan ta ko ba a gan ta ba?"

"Takwara, ke kin cika bincike kamar alƙali. In kina so a gan ta, gobe ki samo itace da yawa."

Wataƙila wasa take yi, ko dabara ce ta sa mu aiki. Ni dai da gaske na ɗauka. Daga ranar, duk yamma ina bayan gida ina tsintar ƙirare, ina tarawa a gefen kasko, ina duba ko sun jiƙe. Yaya Hadiza tana yi mini dariya tana cewa ga uwar Delu ta biyu. Ban damu ba. A ganina lokacin, in aka bar yarinyar nan a ƙasar da ba a san ta ba, laifina ne.

Yanzu sai in faɗi yadda aka yi na girma ban san awon jikina ba, domin ba abu ne da ya faru rana ɗaya ba. A gidanmu, kamar gidaje da yawa a wajenmu, mace ba ta tsayawa gaban tela namiji ya ɗora mata tef. Abin da ake yi, a haɗa sabon yadi da wata riga da ta yi wa mutum daidai, a aika masa a leda, ya auna daga jikinta. Ita muke kira rigar awo. Ni kuwa da kwancen Yaya Hadiza na tashi, duk rigar da ta yi mata kaɗan sai ta dawo kaina. In an saya mana kayan sallah, kwancen nan nake sawa a leda, tunda shi ne nawa. Sabuwar riga ta fito da kafaɗar Yaya da tsawon Yaya. Baɗi kuma ita za a aika a auna wata. Ban taɓa ganin aibun hakan ba. Na ɗauka haka tufafi suke, dole wani wuri ya zame, wani ya ɗame.

Da na shiga jami'a a Kano sai abin ya ƙara yawa. Na haɗu da wata ƙawa, Rukayya, 'yar cikin birni, siririya mai son riga da siket masu kama jiki. Na ari tata na kawo Kazaure a matsayin samfur da awo gaba ɗaya, na yi zango biyu ina zaune a aji kamar an ɗaure ni da igiya. Na koma abaya, na yi shekara ina share ƙasa da ita, ina taka bakinta a matakala. Na koma dogon hijabi har ƙasa. Waɗanda na gani da shi na tabbata don Allah suke sawa, ni kuwa in zan faɗi gaskiya, rabin niyyata don kada kowa ya kalle ni ne. A wajen bautar ƙasa a Kudu na koyi ɗaurin gwaggwaro da leshi mai nauyi, na yi hotuna, kaina ya yi ciwo. Bayan rasuwar Hajja har laffaya na gwada, ina ganin ai jinina ce. Ta warware mini a bakin tasha, na tsaya ina tattara yadi da hannu biyu, masu mota suna kallon wani wajen don kara.

Ba zan ce duka ba su yi mini kyau ba. An sha yaba ni. A ce kin yi kama da Rukayya, kin yi kama da Balarabiya, yau kam Bayarabiya sak. Nakan ji daɗi na ɗan lokaci, sannan in dawo ɗaki in cire, in ga shatin da rigar ta bar mini a hammata. Wayata ta cika da hotunan ɗinkin mutane, nakan yi awa guda ina dubawa in tashi a gajiye kamar na yi surfe. Abu ɗaya ne bai taɓa canzawa ba. Kowace irin shiga na yi, sai na soka fil biyu a mayafina, ɗaya a wuyan riga, wani lokaci har da ƙugu. Ina jin kunyar hakan, nakan ɓoye su cikin ninkin yadi.

Atamfar kuwa, Hajja ta saye ta tun kafin a haife ni, wata tafiya da suka yi ta Babura suka tsallaka Nijar biki. Koriya ce mai duhu, da ƙananan zane-zane farare kamar jikin zabuwa. Ba ta taɓa ɗinka ta ba, tunda ita laffaya take sawa. Na tambaye ta sau ɗaya me ya sa ta saya.

Ta ce, "Idona ne ya so, jikina bai so ba."

A ciwonta na ƙarshe ta sa aka ciro ta daga kwalla, ta ɗora mini a cinya. "Takwara, ki ɗinka ki sa. Kada ki ajiye wa gara."

Na ajiye. Duk sanda na yi niyya sai in ce to wane ɗinki, in buɗe waya, in rufe. Sai da na sami aikin koyarwa a wata makarantar 'yan mata ta wajen Gwiwa, Umma, mahaifiyata, ta ce in fito da ita a yi mini kayan fara aiki. Da muka warware ta a tsakar gida, sai muka ga wani siririn layi fari ya fara fitowa a inda aka ninke ta. Umma ta bi shi da yatsa ta dube ni.

"Kin gani? In kin yanka kina tsoro, in kin bari tana mutuwa a ninke. Sai ki zaɓa."

Washegari na tafi shagon Baba Idi, telan da yake yi wa gidanmu ɗinki tun ina goye. Wannan ne karo na farko da na je da kaina. Na tafi da riguna uku a leda saboda na kasa tsayar da ɗaya, da hotuna goma sha ɗaya a waya. Na durƙusa na gaishe shi, ya tsayar da keke, ya karɓi atamfar ya shimfiɗa a teburi. Ya daɗe yana murza bakinta da yatsu biyu.

"Wannan tsohuwar ajiya ce. Yanzu ba a samun irinta. In na sa almakashi shi ke nan fa, babu kome."

"Na sani, Baba."

"Ina rigar awo?"

Na miƙa ta farko. Ya juya cikinta waje, ya dubi ɗinkin.

"Wannan ai ta Hadiza ce. Ni na ɗinka ta, shekarar da ta gama sakandare. Hadiza doguwa ce, ke kuwa..." Ya leƙo ni ta saman tabarau, bai ƙarasa ba.

Na miƙa ta biyu, wadda aka auna daga ta Rukayya. Ya ɗaga ta sama.

"Mai wannan kara ce ko mutum? Ta ina kike numfashi a ciki?"

"A hankali nake yi, Baba."

Ta uku ko warware ta bai yi ba. Ya ajiye tef ɗinsa, ya zauna.

"Malama Ummi, shekara nawa ina yi miki ɗinki? Duk sallah sai a kawo mini sabuwar mace a leda a ce ke ce. Na yi shiru ne don ba a tambaye ni ba. To yau ga ki ga ni. Wacce ce taki a cikinsu?"

 Ba na so in ƙara wa labari gishiri, amma ina ganin a daidai lokacin ne na ji muryar nan ta toshe hanci: me yarinyar ta sa? Shekara kusan ashirin ban tuna da mai shela ba, sai ga shi a shagon tela da tabarau.

Baba Idi ya ce shi ba zai yanka atamfar marigayiya a kan jikin wata ba. Ya tura ni cikin gida, bayan shagon, wajen matarsa Inna Larai, wadda takan auna amare in an matsa. Na same ta tana tsince shinkafa. Ta goge hannu, ta ɗauko tef, ta ja ni ɗaki ta ce in cire mayafi. Na fara zare fil ina ajiyewa a kan gado. Ta tsaya tana ƙirgawa.

"Huɗu! Ke 'yar nan, da ƙarfe kike yawo haka? Ba kya tsoron tsawa?"

Na yi dariya, amma kunya ta kama ni. Ta auna ni tana faɗar lambobin da ƙarfi, ina rubutawa a bayan wata takarda. A ranar na san hannuna gajere ne, kuma kafaɗata ta dama ta fi ta hagu sauka, wataƙila saboda jakar littattafai. Shekara ashirin da bakwai ina cikin jikin nan, sai da wata ta karanta mini shi.

"To wane ɗinki?"

Na ciro waya na fara nuna mata. Ta kalli uku, ta ture hannuna.

"Ba waɗannan matan nake tambaya ba. Ranar da kika gaji liƙis, kin san ba baƙon da zai zo, me kike sawa?"

Na faɗa mata a hankali. Akwai wata tsohuwar doguwar riga sakakkiya da nake sawa a ɗaki, ta koɗe har ba a gane launinta. Ni da kaina na ɗinka mata aljihu da zare da allura, karkatacce, don in riƙa sa makulli da waya, saboda kullum ina jin kamar zan yar da wani abu.

"To ita ce."

"Inna, ai ba ta fita ba ce. Ba za a ce na yi kwalliya ba."

"Makarantar za ki koyarwa ko gasar kwalliya? Ni dai abin da na gani na faɗa. In kina son ta Hadiza, ga ta can a leda."

Na roƙi a ba ni mako guda in yi tunani. Ban yi wani tunanin kirki ba, zullumi kawai na yi. In ta fito ba kyau fa? In dangi suka ce na wulaƙanta kayan Hajja fa? Na sake buɗe hotunan nan, na ga ko ɗaya ba na sha'awar shiga cikinsa, gajiya ce kawai take taso mini. Ina jin gajiyar ce ta yanke hukuncin, ba hikima ba. Ran Asabar na koma na ce wa Baba Idi doguwar riga nake so, sakakkiya, hannu iya wuyan hannuna, aljihu biyu masu zurfi, wuya mai maɓalli don kada in buƙaci fil. Abin da ya rage a bar mini zane da ɗankwali.

"Kin tabbata?"

"Ban tabbata ba, Baba. Amma a yanka."

Ya zana da alli, ya yi bisimilla. Da na ji ƙarar almakashi ta farko sai na fita waje na tsaya a rana, kamar wadda aka shiga da ɗan'uwanta ɗakin tiyata.

Ranar da na karɓo na sa a gida, Umma ta zagaya ni sau ɗaya ta riƙe haɓa.

"Ummi, atamfar Hajja kika mayar buhun gero?"

Yaya Hadiza, da aka tura mata hoto gidanta, ta bugo waya tana dariya tana tambaya ko aljihun na zuba gyaɗa ne. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado, na ji kamar in yi kuka. Har yau ba zan rantse cewa rigar tana da kyau ba, ban san yadda ake gane hakan ba. Abin da zan iya shaida shi ne, ranar da na fara aiki na tsaya gaban aji darasi huɗu a jere, na ɗaga hannu na yi rubutu a saman allo, na sunkuya na duba littattafai, sai da aka tashi na tuna cewa akwai riga a jikina. Wannan bai taɓa faruwa da ni ba. Daga baya na kai wa Baba Idi yadi kala uku marasa tsada, na sa rigar atamfar Hajja a leda tare da su. A karo na farko rigar awon tawa ce. Fil na wuya da na ƙugu na daina. Biyun nan na mayafi dai na kasa.

Wata Lahadi da yamma, bayan wata uku, ina tashar Kazaure ina jiran motar Gwiwa ta cika. Tasha ta cika maƙil da mata masu komawa ƙauyuka, da 'yan biki cikin anko. Ban ma san na manta takardun jarrabawar ɗalibaina a kan gado ba. Sai ga wani dattijo a kan babur, ban taɓa ganin sa ba, ya ratso mutane kai tsaye ya tsaya a gabana.

"Ke ce Malama Ummi? Ga saƙo in ji Hajiya."

Na karɓa na duba, takardun ne Umma ta aiko mini, na yi tunanin abin da zai faru da ba a kawo ba. Na yi godiya, sannan na tambaye shi yadda aka yi ya gane ni a cikin wannan taro.

"Ai ba wuya. Ta ce in duba wata mai riga kamar buhu, hannu biyu a aljihu, da fil biyu a mayafi. Tun daga bakin titi na hango ki."

Ya juya babur ɗinsa ya tafi.

Ina tsoron ɗora wa Hajja maganar da ba ta faɗa ba. Mai yiwuwa ba ta nufin komai da tatsuniyar nan, tsohuwa ce da jikoki biyu da kasko, tana neman abin da zai sa su zauna wuri ɗaya. Da ina yarinya na ɗauka darasin shi ne mutum ya riƙe abin da aka ba shi a gida, ya bar aro. Amma in na duba da kyau, baƙin zanen nan ba shi ya gano Delu ba, ta riga ta fi ƙarfinsa. Ƙullin nan biyu ne, na tsoro, wanda na tabbata ita ma kunyarsa take ji. Ni ma shekarun da na yi ina shiga kayan mutane, ina ganin abin da nake ƙoƙarin rufewa ke nan, wannan zullumin da ba ya barina. Bai tafi ba, kuma ba na zaton zai tafi. Aljihu kawai aka yi masa.

Motar ta cika, aka matse ni a kujerar baya tsakanin wata mai goyo da buhun albasa. Na rungume takardun ɗalibai da hannu ɗaya, ɗayan yana cikin aljihu yana taɓa makulli don in tabbata yana nan. Na gaji ƙwarai, ga gyaran jarrabawa yana jirana. Da muka fita gari duwatsu suka fara bayyana ta taga, sai na ce a raina: Hajja, yau dai itacen ya isa.